Mai sha ya sha kyauta, ɗan ga-ruwa ya biya: fashin baƙi kan lasisin rumbunan bayanan halittu

Duk wanda ya karanci ilimin sinadaran jikin halitta a shekarun nan, da wuya a ce bai taɓa cin karo da taswirorin KEGG, wani rumbun bayanan halittu da ke intanet, ba. Su ne zane-zanen nan masu ƙananan akwatuna da kibau, waɗanda ke nuna yadda sukari ke narkewa mataki-mataki a cikin ƙwayar halitta har ya zama ƙarfin da jiki ke aiki da shi, ko yadda saƙo ke tashi daga bangon ƙwayar ya isa cibiyarta. Ka buɗe shafin, babu wanda zai tambaye ka suna, babu wanda zai nemi ko sisi a hannunka. Shi ya sa mutane da dama suka ɗauka kayan kowa da kowa ne. Amma akwai wata gajeriyar sanarwa a shafin ƙa'idojinsa da ba kowa ke tsayawa ya karanta ba. Abin da take cewa a taƙaice shi ne: KEGG ba rumbun jama'a ba ne, mallakar ɗakunan binciken Kanehisa ne, malaman jami'a da ɗalibai su yi amfani da shafin kyauta, wanda ba ya cikin wannan rukuni kuwa ya nemi lasisi a wurin kamfanin Pathway Solutions.

Wannan sanarwar ce nake so mu warware, domin a bayanta akwai tarihi, akwai doka, akwai kuma tarkon da mai kyakkyawar niyya kan faɗa ba tare da ya sani ba.

Farfesa Minoru Kanehisa ne ya kafa KEGG a 1995 a Cibiyar Binciken Sinadarai ta Jami'ar Kyoto, a ƙarƙashin shirin Jafan na nazarin kundin ƙwayoyin gadon ɗan Adam. A lokacin duniya ta duƙufa wajen karanto jerin haruffan DNA, amma jerin haruffa kaɗai ba ya gaya maka abin da ƙwayar gado ke yi. Abin da Kanehisa ya hango shi ne a tattara abin da masana suka gano a dubban maƙaloli, a zana shi a matsayin hanyoyi, sannan a ɗaura kowace ƙwayar gado a gurbinta a kan hanyar. Da hannu ake wannan aiki. Mutum ne mai ilimi zai zauna ya karanta maƙala, ya auna ko hujjarta ta tsaya, ya duba ko ta saɓa wa wata, sannan ya ƙara akwati ɗaya ko kibiya ɗaya a taswira. Gobe a fitar da sabon bincike, ya dawo ya gyara. Kwamfuta da wutar lantarki suna cin kuɗi, amma albashin waɗannan masu tacewa shi ne babban nauyin, kuma nauyi ne da ba a sauke shi, domin rumbun da aka daina sabuntawa ya fara mutuwa ke nan.

Shekara da shekaru kowane malamin jami'a yana iya sauke rumbun baki ɗaya kyauta ta hanyar FTP, wato ƙofar sauke fayiloli a dunƙule ta intanet. A watan Mayun 2011 Kanehisa ya fitar da wasiƙar neman agaji. Babban tallafin da yake samu daga hukumar kimiyya da fasaha ta Jafan ya zo ƙarshe, sabon tsarin da ya gaje shi kuma ya fi karkata ga haɗa rumbuna wuri guda maimakon ɗaukar nauyin kowane rumbu. Daga ranar 1 ga Yulin 2011, sauke bayanan a dunƙule ya koma sai da kuɗin rajista na shekara-shekara, har ga malaman jami'a, kuɗin da ake lissafa shi da dubban daloli. Shafin intanet ya ci gaba da zama a buɗe. Abin da aka rufe shi ne ƙofar kwasar kaya da yawa.

Misalin da ya fi zama mini daidai shi ne rijiyar unguwa. Wani bawan Allah ya haƙa ta, ya ce duk mai ƙishi ya sha, matan gida su ɗebi na girki. Sai ga ɗan ga-ruwa da kurarsa da jarkoki goma sha biyu, yana ɗiba yana sayarwa. Babu wanda zai ga baƙin mai rijiya idan ya ce wa ɗan ga-ruwa ya riƙa ba da wani abu, tunda rijiya tana buƙatar yasa, guga da igiya suna tsinkewa. A kan wannan tunanin aka gina lasisin kasuwanci na yawancin rumbunan nan. COSMIC, rumbun sauye-sauyen ƙwayoyin gado a cutar daji da Cibiyar Sanger ta Ingila ta buɗe a 2004, haka yake: mai binciken jami'a ya yi rajista ya shiga, kamfani ya sayi lasisi ta hannun kamfanin QIAGEN. DrugBank, rumbun bayanan magunguna wanda ya fito daga Jami'ar Alberta a Kanada a 2006, shi ma haka. HGMD na Jami'ar Cardiff, rumbun sauye-sauyen ƙwayoyin gado masu jawo cututtukan gado, ya ɗauki wani salo: sigar kyauta tana nan, amma an bar ta a baya da kimanin shekara uku, sabbin bayanai na wanda ya biya ne.

Sai dai misalin rijiya yana da iyaka, kuma a iyakar nan ne maganar doka take shigowa. Ruwan da ɗan ga-ruwa ya ɗiba ya bar rijiya. Bayanin da aka kwafa kuwa yana nan inda yake. Sannan ruwan ma wa ya mallake shi? Cewa wani sinadari yana juya wani zuwa wani a cikin hanta gaskiya ce ta halittar Ubangiji, masana ne suka gano ta, galibi da kuɗin gwamnatocin ƙasashensu, suka buga ta a mujallu. Dokar haƙƙin mallaka ba ta ba kowa ikon mallakar gaskiyar abu. Kotun Ƙolin Amurka ta tsayar da wannan a 1991 a shari'ar Feist, wadda aka yi a kan littafin lambobin wayar tarho na wani yanki a jihar Kansas. Kotun ta ce gumin da mutum ya zubar wajen tattara sunaye da lambobi ba ya ba shi haƙƙin mallaka, sai in akwai wata fasaha tasa ta kansa a wajen zaɓe ko tsarawa. Turai ta bi wata hanya daban. A 1996 Tarayyar Turai ta kafa wani haƙƙi na musamman ga wanda ya zuba jari mai yawa wajen tattarawa da tantance bayanan rumbu, haƙƙin da ke hana a kwashi kaso mai tsoka daga ciki har tsawon shekara 15. Dokar Jafan kuma tana kare rumbun da ke da ƙirƙira a zaɓen bayanansa ko a tsarin gininsa. Taswirar KEGG, da yake zane ce ta hannu, kariyarta ta fi ta jerin lambobi ƙarfi nesa ba kusa ba.

To amma tunda dokokin sun sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa, masu rumbu ba sa dogara da su kaɗai. Sandar da suka fi dogarawa ita ce yarjejeniya. Ranar da ka cike fom, ka sa adireshin imel na jami'arka, ka danna "na amince", ka ɗaure kanka da alkawari. Ko da dokar ƙasarka ba ta ɗauki bayanan a matsayin mallakar kowa ba, kai ka yi alkawarin ba za ka sayar ba, ba za ka miƙa wa wani ba. Da yawa daga cikinmu muna danna wannan maɓalli kamar yadda muke dannawa a manhajar waya, ba tare da karanta ko layi ɗaya ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: wane ne ɗan ga-ruwa?

Idan babban kamfanin magunguna ne da ke neman sabon maganin ciwon suga, babu gardama. Idan ɗaliba ce da ke rubuta kundin digirinta na biyu, nan ma babu gardama. Amma tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi, kuma yawancin mutanen da ke aikin gaske a cikin filin suke. A ce malamin jami'a ne, da safe yana koyarwa, da yamma wani kamfanin iri ya ba shi kwangilar duba ƙwayoyin gadon masara mai jure fari. Mutum ɗaya ne, kwamfuta ɗaya, adireshin imel ɗaya. Aikin safe yana cikin rangwame, na yamma ya fita. A ce ɗalibin digiri na uku ne wanda kamfani ke biya wa kuɗin karatu, da sharaɗin kamfanin ne zai fara ganin sakamako ko shi zai mallaki abin da aka gano. Yana zaune a jami'a, amma amfanin aikin nasa wa zai je? A ce ɗakin gwaji ne na jami'a da ke karɓar samfura daga waje yana cajin kuɗi domin ya riƙe kansa. KEGG ya hango irin wannan, shi ya sa ya ware wani lasisi na dabam ga malaman jami'a da ke amfani da bayanansa wajen yi wa wasu hidima, ko da hidimar ta ilimi ce.

Akwai wani ɗan bambanci na lafazi da ya kamata a lura da shi, don yana sauya hukunci. Wasu lasisin suna raba mutane ne da cewa "na jami'a" da "wanda ba na jami'a ba". Wasu kuma suna raba aiki ne da cewa "na kasuwanci" da "wanda ba na kasuwanci ba". Ba abu ɗaya ba ne. Cibiyar binciken gwamnati, ko ƙungiyar agaji da ke yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, ba riba suke nema ba, amma kuma ba jami'a ba ne. A ƙarƙashin lafazi na farko sai sun tambaya kafin su san matsayinsu. Lasisin Creative Commons mai alamar NC, wato "ba na kasuwanci ba", wanda DrugBank ke ba masu bincike bayanansa a kai, yana bin lafazi na biyu: abin da yake dubawa shi ne ko babban manufar aikin neman riba ne ko karɓar kuɗi, ba wanda ke yin aikin ba. A taƙaice, malamin jami'a zai iya karya shi, ma'aikacin kamfani kuma zai iya zama bai karya ba.

Kada a ɗauka lauyoyi sun gama daidaita ma'anar wannan kalma. A Jamus, a 2014, an yi shari'a a kan wani hoto mai lasisin NC da gidan rediyon Deutschlandradio ya sa a shafinsa. Gidan rediyon na al'umma ne, ba ya neman riba. Kotun farko a birnin Kolon ta ce "ba na kasuwanci ba" yana nufin amfanin mutum na ƙashin kansa kawai, don haka gidan rediyon ya saɓa. Kotun ɗaukaka ƙara a birnin ta ƙi wannan fassarar, ta ce lafazin yana da harshen damo, kuma shakkun da ke cikinsa a kan wanda ya ba da lasisin zai faɗa. Gari ɗaya, shekara ɗaya, alƙalai sun ba kalma ɗaya ma'ana biyu.

Wanda ya fi damuna a duk waɗannan shi ne batun asibiti. Likita ya aika samfurin ƙarin da aka cire wa majiyyaci, an karanto ƙwayoyin gadonsa, an ga wani sauyi. Ana so a san ko an taɓa ganin irinsa, da maganin da ke aiki a kansa. OncoKB, rumbun da asibitin cutar daji na Memorial Sloan Kettering a New York ke kula da shi, an gina shi ne domin amsa wannan tambayar. Binciken jami'a kyauta ne a wurinsu. Amma sanya bayanansu a cikin rahoton da za a ba majiyyaci, ko da a asibiti ne, yana buƙatar lasisi. Mutum zai ce ai ceton rai ne. Haka ne. Su kuma za su ce rahoton gwaji hidima ce da ake biya, kuma ƙwararrun da ke tace bayanan kullum su ma suna da iyali. Ina ganin hujjar kowane ɓangare, amma zuciyata tana tare da ƙaramin asibitin da ke ƙasar da kuɗin gwajin kansa ya riga ya fi ƙarfin majiyyaci. Akwai ClinVar na hukumar lafiya ta Amurka, wanda kowa ke iya amfani da shi ba tare da lasisi ba, sai dai ɗakunan gwaji ne ke zuba bayanai a cikinsa kowa da fassararsa, wani lokaci su saɓa wa juna, sai mai karatu ya yi tankaɗe da rairaya da kansa.

To a ce kamfani ya yarda ya biya. Farashi ba kasafai ake manna shi a bango ba; ana duba girman kamfani, yawan ma'aikatan da za su taɓa bayanan, yawan rassa, da abin da za a yi da su. Lasisin amfani a cikin gida daban yake da lasisin sanya bayanai a cikin manhajar da za a sayar wa wasu, kuma na biyun ya fi tsada, don a nan kamfanin ya zama dillali. Amma sharaɗin da ya fi cizo daga baya shi ne na abin da aka samar daga bayanan. Ka ɗauki taswirori ɗari uku, ka sarrafa su, ka fitar da jadawalin ka na kanka. Naka ne ko nasu? Yawancin yarjejeniyoyi suna cewa idan za a iya dawo da ainihin bayanan daga abin da ka samar, to har yanzu nasu ne. Sannan ranar da lasisi ya ƙare ba a sabunta ba, galibi ana buƙatar a goge kwafin da ke hannu. Kamfanin da ya gina hajarsa a kan rumbu ɗaya ya zama ɗan haya: duk shekara sai ya koma teburin ciniki, kuma mai gida ya san ba shi da wurin zuwa. A 'yan shekarun nan an ƙara da tambayar horar da ƙirƙirarriyar basira. Idan manhaja ta koyi abin da ta koya daga rumbu, aka goge rumbun, ilimin yana nan a cikinta. Wanda zai sa hannu a yarjejeniya yau bai kamata ya bar wannan a duhu ba, a rubuta shi baro-baro.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke kama ɗalibai. Sanya hoton taswirar KEGG a maƙala yana buƙatar izini. Suna da fom na musamman domin haka, kuma akwai mujallun da ba za su buga maƙalar ba sai sun ga shaidar izinin. Ƙofar da manhajoji ke bi su ɗebo bayanai kai tsaye, wadda ake kira API, an keɓe ta ga 'yan jami'a domin aikin ilimi. Wannan yana nufin manhajar da kowa ke saukewa kyauta za ta iya jan ka cikin saɓa ƙa'ida: lasisin manhajar daban, na bayanan da take jawowa a bayan fage daban. Haka nan rumbu ɗaya kan ƙunshi bayanan da ya aro daga wani rumbun, kowanne da igiyarsa a wuya.

Shin wannan tsari ya yi amfani? KEGG yana raye, ana sabunta shi, shekara goma sha huɗu da doriya bayan wasiƙar neman agajin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin rumbuna da yawa sun mutu shiru bayan tallafinsu ya ƙare. TAIR, rumbun bayanan tsiron Arabidopsis da masana tsirrai ke gwaji da shi, ya bi irin wannan hanyar bayan tallafin gidauniyar kimiyya ta Amurka ya ƙare a 2013. Ma'aikatansa suka kafa ƙungiyar Phoenix Bioinformatics mai zaman kanta suka koma karɓar kuɗin rajista, kuma ya tsira.

Amma an biya wani farashi da ba a gani a takardar kuɗi. Da aka rufe ƙofar FTP, manhajojin kyauta da dama ba su da ikon rarraba sabbin bayanan KEGG, sai suka tsaya a kan kwafin 2011. Kunshin KEGG.db na Bioconductor, taskar manhajojin kyauta na nazarin bayanan halittu, ya daɗe a haka, yana gargaɗin cewa bayanansa tsofaffi ne, mutane kuma suna ta amfani da shi suna buga sakamako. Wato ilimi ya yi gaba, kayan aunawa sun tsaya. Na biyu, bayanan da ke da sharaɗin "ba na kasuwanci ba" ba sa haɗuwa cikin sauƙi da waɗanda ba su da sharaɗi. Duk wanda ya gauraya su, sharaɗin mafi tsanani ne zai hau kan gaurayen baki ɗaya, kamar ɗigon kananzir a tukunyar miya. Ilimin halittu na yau kuwa kusan duk haɗe-haɗe ne. Shi ya sa wasu masu bincike suka koma Reactome da WikiPathways, rumbunan taswirori irin na KEGG, waɗanda suka saki bayanansu a ƙarƙashin CC0, wato ba tare da wani sharaɗi ba.

Akwai rumbun da ya shiga wannan hanya ya kuma fito, kuma labarinsa ne ya fi gyara mini tunani. Amos Bairoch ya fara Swiss-Prot, rumbun bayanan furotin, a Jeniba a 1986. A 1996 kuɗi ya yanke har aka yi shelar za a rufe, masana daga ko'ina suka yi ta aiko da saƙonnin goyon baya. Mafitar da aka samu ita ce kafa Cibiyar SIB ta Suwizalan a 1998, tare da sanya wa kamfanoni kuɗin lasisi ta hannun kamfanin GeneBio, 'yan jami'a kuma su ci gaba da shiga kyauta. A 2002 hukumar lafiya ta Amurka ta ba da tallafin da ya haɗa Swiss-Prot da takwarorinsa na Turai da Amurka a ƙarƙashin UniProt, kuma daga 2005 aka cire kuɗin lasisin ga kowa. Yau kamfani da ɗalibi duk ƙofa ɗaya suke bi, abin da ake nema kawai a ambaci tushe. Abin da wannan ya nuna mini shi ne shingen bai taɓa zama burin masu rumbun ba. Da aka samu mai ɗaukar nauyin yasar rijiya, sai aka cire shi.

Mai ƙin wannan ra'ayi yana da tasa hujjar, kuma ba ta da rauni. Rumbun PDB na siffofin furotin, wanda aka kafa a 1971, a buɗe yake ba sharaɗi. Masana sun shafe shekara hamsin suna zuba aikinsu a ciki, siffa ɗaya kan ci wa ɗalibi shekaru. A kan wannan taskar ce kamfanin DeepMind na Google ya horar da AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, aikin da ya kai Demis Hassabis da John Jumper ga kyautar Nobel ta 2024. Gaskiya ne sun saki hasashen siffofi fiye da miliyan 200 ga kowa. Amma da AlphaFold 3 ya fito a watan Mayun 2024, sai aka sa masa sharaɗin ba na kasuwanci ba, yayin da Isomorphic Labs, ɗan'uwan DeepMind a gida ɗaya, ke aikin neman magunguna da wannan fasaha. Wanda ya sha daga rijiyar da ba ta da shinge ya kewaye tasa. Duk wanda ya ga haka ya ce gara a riƙa karɓar wani abu a hannun manyan kamfanoni tun farko, ban ga laifinsa ba.

Matsayina shi ne: karɓar kuɗi daga kamfanin da ke cin riba adalci ne, kuma Kanehisa bai yi abin kunya ba da ya zaɓi rumbunsa ya rayu. Inda tsarin ya gaza shi ne bai cika bambance babbar tankar ruwa da yaro mai jarka biyu ba. Kamfanin da ke juya biliyoyin daloli ba zai ji kuɗin lasisi a jikinsa ba, yana da lauyoyin da za su karanta masa kowane layi. Matasa uku da suka gama jami'a a Zariya ko Kano suka buɗe ɗan ɗakin nazarin bayanan ƙwayoyin gado, su ne za a kira "'yan kasuwa" daidai da wancan, a nemi su biya da kuɗin waje, a lokacin da naira ta zube tun bayan sakin farashinta a 2023. Abin da zai biyo baya sananne ne: ko su haƙura da aikin, ko su ci gaba da amfani da tsohon imel na jami'a suna fatan kada a gane. Na biyun yana da haɗari fiye da yadda suke zato, domin ranar da mai zuba jari ko abokin hulɗa na waje ya zo, abu na farko da lauyoyinsa za su bincika shi ne asalin bayanan da aka gina hajar a kai. Hanyar da ta fi ita ce a rubuta wa masu lasisin tun kafin a fara, a faɗi girman kamfani da abin da ake son yi, a nemi amsa a rubuce. Farashin da ba a manna a bango ba ana iya cinikinsa. Idan bai yiwu ba, a gina a kan UniProt da Reactome da ClinVar da ire-irensu tun daga tushe, kafin gini ya yi nisa.

Akwai wani bene kuma a saman duk wannan, wanda ya shafi ƙasashenmu kai tsaye, don mu ma muna zuba ruwa a rijiyoyin nan. Cibiyar ACEGID ta nazarin ƙwayoyin gadon cututtuka masu yaɗuwa da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ce ta fara karanto kundin ƙwayar cutar korona a Afirka a watan Maris na 2020. Tambayar ita ce, idan kamfani ya ɗauki jerin DNA na wani tsiro ko wata ƙwayar cuta daga rumbun da ke buɗe ya yi haja da shi, me ƙasar da abin ya fito za ta samu? Indunisiya ta taɓa dakatar da ba da samfuran murar tsuntsaye a 2007 a kan wannan ƙorafi, kuma a cikin wannan yanayin ne rumbun GISAID na bayanan ƙwayoyin cutar mura ya fara aiki a 2008, da sharaɗin a yi rajista, a ambaci waɗanda suka kawo bayanan, kada kuma a sake rarraba su. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta yi magana a kan raba amfanin albarkatun halittu, amma an yi ta jayayya ko ta shafi jerin haruffan da ke cikin kwamfuta.

A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan bambancin halittu da aka yi a birnin Kali na Kolombiya a ƙarshen 2024, aka amince da kafa asusu na musamman. Manyan kamfanonin da ke amfana da irin waɗannan bayanai, kamar na magunguna da kayan kwalliya da iri, ana son su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na ribarsu ko kashi 0.1 cikin 100 na cinikinsu, kuma aƙalla rabin kuɗin ya tafi ga al'ummomin asali da na karkara. Jami'o'i da rumbunan jama'a ba sa cikin masu biya. A nan an yi ƙoƙarin raba tanka da jarka: sai kamfanin da ya haura biyu daga cikin ma'auni uku, wato kadarorin dala miliyan 20, cinikin dala miliyan 50, ko ribar dala miliyan 5. An ƙaddamar da asusun a Rum a watan Fabrairun 2025. Biyan ba tilas ba ne, an bar wa kowace ƙasa ta ga yadda za ta ja kamfanoninta su shiga, Amurka kuma, inda da yawa daga cikin manyan kamfanonin suke, ba ta cikin ƙasashen da suka tabbatar da yarjejeniyar da asusun ya fito daga cikinta.